Hukuncin sa yara aikin gida da ɗora musu talla

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni matar aure ce a Agege, ina da 'ya'ya uku, maza biyu da mace ɗaya, ga kuma 'yar ƙanin mijina da muke riƙo tun rasuwar mahaifinta. Maigidana yana sayar da tumatir a kasuwar Mile 12, da asuba yake fita, sai bayan isha'i yake dawowa. Na raba wa yaran shara da wanke-wanke da ɗebo ruwa, har da mazan. Da surukata ta zo daga gida ta tarar da babban, mai shekara 11, yana wanke tukunya, sai ranta ya ɓaci, ta ce zan mayar mata da jika mace. Ta kuma ce a ɗora wa 'yar riƙon tallan ruwan leda bayan makaranta don a samu na cefane. Mene ne hukuncin shari'a a kan wannan?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

'Yar'uwa, sa yaro aikin gida gwargwadon ƙarfinsa halal ne, kuma yana cikin tarbiyyar da aka ɗora wa iyaye, domin Manzon Allah (SAW) ya ce dukkanku makiyaya ne kuma za a tambayi kowa abin da aka ba shi kiwo, ya kuma ambaci mace a gidan mijinta. Ma'aunin da ake auna kowane aiki da shi guda ɗaya ne, wato ya kasance yaron ne yake amfana da abin da yake koya, ko da gidan ma ya amfana.

Maganar cewa wanke-wanke yana rage wa ɗa namiji daraja al'ada ce, ba ta da tushe a addini. An tambayi Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, abin da Annabi (SAW) yake yi a gida, sai ta ce yana kasancewa cikin hidimar iyalinsa, idan lokacin salla ya yi sai ya fita, kamar yadda Bukhari ya ruwaito. A ruwayar Imam Ahmad ta bayyana cewa yana ɗinke tufafinsa, yana gyara takalminsa, yana tatsar akuyarsa. Idan mafificin halitta, wanda yake jagorantar al'umma da rundunar yaƙi, bai ga kasawa a cikin wannan ba, babu dalilin da zai sa a ji wa yaro mai shekara 11 kunya don an gan shi da soso da sabulu a bakin famfo. Mu da muke zaune a Legas ma muna ganin abin da idonmu. Samarinmu da suke zuwa ci-rani, daga Idi-Araba har Alaba Rago, su suke yi wa kansu wanki da girki, kuma wanda ya tashi bai iya dafa ko shinkafa ba, kaso mai tsoka na abin da ya samu a yini a wurin mai abinci yake ƙarewa. Mai shayin da yake ɗauraye kofuna tun kafin gari ya waye, da mai suya, da mai garuwa, duk maza ne masu ciyar da iyali da wannan sana'a, ba wanda ya taɓa cewa sun zama mata.

Akwai kuma batun adalci, wanda shi ne ya fi damuna a gidajenmu. Sau da yawa za ka ga yarinya ta dawo daga makaranta, ko ɗamarar jakarta ba ta kwance ba an miƙa mata tsintsiya, yayyenta maza kuwa suna zaune suna danna waya har su kira ta ta kawo musu ruwa. A hadisin Nu'umanu ɗan Bashir, Annabi (SAW) ya ce ku ji tsoron Allah ku yi adalci tsakanin 'ya'yanku. Hadisin ya zo ne a kan kyauta, amma umarnin da ke cikinsa ya game, kuma yaron da ya saba ƙanwarsa tana yi masa bauta, haka zai riƙe matarsa gobe. Ba dole ba ne aikin ya zama iri ɗaya, ana iya ba namiji ɗaukar jarka da kai shara waje, amma kada nauyin ya taru a wuyan mutum ɗaya.

Ita 'yar riƙon marainiya ce, kuma sa ta aiki tare da sauran yaran ya halatta. Imam Bukhari ya ƙulla babi a kan sa maraya hidima idan hakan gyara ne a gare shi, ya kawo hadisin Anas ɗan Malik, wanda mijin mahaifiyarsa, Abu Ɗalha, ya kama hannunsa ya kai shi ya yi wa Annabi (SAW) hidima. Anas ya shekara 10 a wannan hidima, ya ce ba a taɓa ce masa tir ba, ba a kuma taɓa ce masa don me ka yi kaza ko don me ka bar kaza ba. To, ki duba sharaɗin da aka gindaya, ki kuma duba yadda aka riƙe shi. Idan rabonta na aiki ya fi na 'yar cikinki, ko ita kaɗai ake tayarwa da asuba, ko aikin yana cin lokacin karatunta na boko da na Islamiyya, an fita daga tarbiyya an shiga zalunci. Ko game da bayi sai da Annabi (SAW) ya ce kada a ɗora musu abin da zai rinjaye su, idan kuwa an ɗora musu a taimake su, balle 'yar ɗan'uwa da aka ba ku amana.

Amma talla a irin yanayin da kika faɗa, bai halatta ku ɗora mata shi ba. Imam Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa Sayyidina Usman ɗan Affan ya ce a huɗubarsa kada a ɗora wa ƙaramin yaro neman kuɗi, domin idan bai samu ba zai yi sata. Ciyar da yaran haƙƙi ne a kan maigida, ba a kansu ba. Duk wanda ya ga yarinya da faranti a ka tana ratsa tsakanin motocin danfo a cunkoson titin Abeokuta ya san haɗarin da ke kan rayuwarta da mutuncinta. Dokar kare haƙƙin yara ta 2003, wadda Jihar Legas ta yi irinta a 2007, ta hana sa yara talla a manyan tituna, ta kuma bar wa iyali damar sa su aikin gida mara nauyi. Idan akwai matsi, ki kafa teburi a ƙofar gida, yaran duka su riƙa taya ki a gaban idonki bayan sun gama karatu, su koyi lissafi da ba da canji da gaskiya a ciniki.

Game da mahaifiyar mijinki, kada ki yi jayayya da ita, domin ƙaunar jikanta ce ta sa ta magana. Ki sanar da maigida, shi ya zauna da ita cikin ladabi ya karanta mata hadisin Nana A'isha. Shi ma ranar da bai fita kasuwa ba, ya ɗauki tsintsiya ko ya wanke rigarsa 'ya'yansa maza suna kallo.

Allah ne Mafi sani.