Allah Mai Iko Duka Ne, To Me Ya Sa Bai Warkar Da Mijina Ba?

Tambaya: Baba Fasto, ni 'yar ikkilisiyar ECWA ce a ƙasar Billiri. Bara maigidana ya rasu bayan doguwar jinyar ciwon ƙoda a wani asibiti a Gombe, inda muka sayar da shanunmu biyu domin kuɗin wankin ƙoda, ya bar ni da yara huɗu. Na yi azumi, ikkilisiya ma ta yi addu'a, amma bai tashi ba. Bana kuma masarata ba ta yi ba saboda na kasa sayen taki. A wata addu'ar dare na ji mai wa'azi yana cewa mai bangaskiya ta gaskiya ba ya daɗewa cikin wahala, kuma tun daga ranar bakina ya mutu, ko waƙa ba na iya yi a Zumuntar Mata. Rashin bangaskiyata ne ya jawo wannan? Ta yaya zan dogara ga ikon Allah alhali ban ga ya yi amfani da shi a gidana ba?

Amsa: 'Yar'uwa, sannu da haƙuri, Ubangiji ya ta'azantar da ke da yaran. Zan fara da maganar mai wa'azin nan, domin na lura ita ce ta fi ci miki rai, kuma ina gaya miki kai tsaye cewa Littafi Mai Tsarki bai goyi bayanta ba.

Ki buɗe Ayyukan Manzanni sura 12. A farkon surar sarki Hiridus ya sa aka kashe Yakubu ɗan'uwan Yohanna da takobi, da ya ga abin ya yi wa wasu daɗi sai ya kama Bitrus ya jefa shi kurkuku, aka ɗaure shi da sarƙa biyu tsakanin sojoji biyu. Da dare mala'ika ya fitar da Bitrus. Manzanni biyu ke nan, sarki ɗaya, ikkilisiya ɗaya, amma aka kashe ɗaya aka kuɓutar da ɗaya, kuma babu inda aka rubuta cewa bangaskiyar Yakubu ce ta gaza. Abin da ya fi ba ni mamaki a surar shi ne halin waɗanda suka taru a wani gida suna yi wa Bitrus addu'a: sa'ad da Bitrus ya ƙwanƙwasa ƙofa, yarinyar gidan mai suna Roda ta sheƙa ta gaya musu, sai suka ce mata ta haukace. Mutanen da suka taru suna roƙo ba su ma gaskata an amsa musu ba, duk da haka Allah ya amsa. Da a ce ana auna amsar addu'a da mudun bangaskiyar mai roƙo, da Bitrus bai fita ba. Bulus ma sau uku yana roƙo a cire masa abin da ya kira ƙaya a jikinsa, ba a cire ba, aka ce masa alherin Ubangiji ya ishe shi, kamar yadda ya rubuta a 2 Korantiyawa 12. Ubangiji Yesu kansa ya roƙa a Getsamani a ɗauke masa ƙoƙon wahala, washegari aka gicciye shi. Wa zai buɗe baki ya ce bangaskiyarsa ce ta yi kaɗan?

To mece ce dogara ga ikon Allah? Ban san wurin da ya bayyana ta fiye da Daniyel sura 3 ba. Nebukadnezzar ya kafa gunkin zinariya mai tsawon kamu 60 a filin Dura, ya ce duk wanda bai rusuna ba za a jefa shi tanderun wuta. Shadrak da Meshak da Abednego suka amsa masa da magana mai gida biyu. Na fari, Allahn da suke bauta wa yana da ikon cetonsu. Na biyu, ko da bai cece su ba, ba za su yi wa gunkin sujada ba. Mun fi son yin wa'azi a kan gida na fari saboda ya fi daɗin ji, amma ki lura cewa sun faɗi duka biyun ne tun ba su san yadda al'amarin zai ƙare ba, wuta tana ci a gabansu. Ke yanzu kina zaune ne a gida na biyu, kuma zama a can ba fita daga bangaskiya ba ne. Ibraniyawa 11 ta jera waɗanda suka rufe bakin zakoki ta wurin bangaskiya, sa'an nan ba tare da ta canza murya ba ta jera waɗanda aka jajjefe da waɗanda aka kashe da takobi, ta ce dukansu an yi musu kyakkyawar shaida.

Ba zan gaya miki dalilin rasuwar maigidanki ba, kuma ki yi hattara da duk wanda ya ce ya san dalilin. Abokan Ayuba sun yi daidai kwana bakwai da suka zauna da shi a ƙasa ba su ce uffan ba. Sa'ad da suka fara nemo masa laifin da ya jawo mutuwar 'ya'yansa goma ne suka ɓata, har Allah ya ce wa Elifaz, ɗaya daga cikinsu, a sura 42 fushinsa ya yi ƙuna a kansa da abokansa biyu. Ayuba da ya yi ta kuka yana jayayya shi ne aka ce ya faɗi gaskiya game da Allah. Wannan ya kamata ya kwantar miki da hankali game da tambayar da kike yi. Cikin Zabura 150 ɗin da muke da su, da yawa kuka ne: Zabura 13 ta tambayi Allah "har yaushe" sau huɗu a jere, Zabura 88 kuwa ta ƙare cikin duhu ba tare da ko kalmar farin ciki ɗaya ba, kuma an bar ta a cikin Littafin. Mutum ba ya kai ƙara wurin wanda ya raina ikonsa. Wanda ya ce wa Allah "me ya sa ba ka yi ba" ya riga ya yarda cewa Allah yana iya yi.

Ishaya sura 40 ta yi magana da mutane masu irin ƙorafinki, waɗanda suke cewa Ubangiji ba ya ganin hanyarsu. Annabin ya nuna musu wanda ya auna ruwaye da tafin hannunsa, mai kiran taurari kowanne da sunansa, amma aya ɗaya kafin maganar ruwayen ya kwatanta shi da makiyayi mai rungume 'yan raguna a ƙirjinsa, yana bi da masu shayarwa sannu a hankali. Duk wanda ya taɓa ganin Bafulatani ya saɓa ɗan tinkiyar da aka haifa a hanya, uwar tana biye tana kuka, ya san abin da ake nufi. Ƙarfin da aka yi alkawarinsa a ƙarshen surar ma har da na tafiya ba tare da an suma ba, kuma a ganina wannan ne irin wanda ya riƙe ki shekara guda kina tashi da asuba kina hura wuta domin yara huɗu.

Tarihin ikkilisiyarki kansa yana da irin wannan babi. A shekarar 1893 samari uku suka sauka Legas da niyyar kawo bishara ƙasar Sudan, wato sunan da ake kiran yankin kudu da Sahara a lokacin, har da arewacin Nijeriya ta yau: Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham. A 1894 Gowans ya mutu a Girku, Kent ya mutu a Bida, daga baya Bingham ya koma gida. Aikin SIM (Sudan Interior Mission, ƙungiyar mishan da ta haifi ECWA) bai kafu ba sai a yunƙuri na uku, bai kuma iso Kaltungo ba sai 1917, ECWA kuwa ta tsaya da ƙafarta a 1954. Biyun da aka binne ba su ga ko majami'a ɗaya ba.

Sauran magana ita ce ta abinci da gona, domin ita ma maganar bangaskiya ce. Sa'ad da Iliya ya zauna a gindin itace yana roƙon mutuwa, a 1 Sarakuna 19, mala'ika ya fara ne da ba shi waina da ruwa, ya bar shi ya yi barci, ya sake ba shi. Ikkilisiyar farko ta zaɓi mutum bakwai musamman domin kada a manta da gwauraye wajen rabon abinci. Saboda haka ki je wurin fastonki da dattawa ki faɗa musu halin rumbunki da kuɗin makarantar yara dalla-dalla, ba tare da jin kunya ba, gama hakkinki ne a kansu. Ki nemi shawarar malamin gona tun kafin damina ta faɗi, domin wake da gyaɗa da waken soya ba sa cin taki kamar masara. Idan kuma barci da cin abinci sun ƙaurace miki makonni, ki ga likita.

Game da waƙa, kada ki tilasta wa kanki, kada kuma ki daina zuwa Zumunta. Ki ɗaura zaninki ki zauna cikin 'yan'uwa su yi waƙar a madadinki. Da dare, bayan yara sun kwanta, ki karanta Zabura 13 da murya. Ayoyi shida ne kawai, kuma idan a aya ta biyu kika iya tsayawa a makon nan, ki tsaya a nan.