Na saka printf, ƙirgen ruwa ya ƙara lalacewa

Tambaya: Assalamu alaikum. Daga Auyo nake. Na haɗa na'ura da STM32F103, wato ƙaramin guntun kwamfuta, tana ƙirga ruwan da famfon sola ke turawa gonar shinkafa. Ƙirgen bai zo daidai ba, na saka printf, umarnin da ke fitar da rubutu daga manhaja, in gano matsalar, sai abin ya ƙara dagulewa. Ina mafita?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Printf ɗin ne ke cinye maka lokaci. In kana turawa ta UART, hanyar aika bayanai ta waya, a gudun bit 115200 a sakan, harafi ɗaya na ɗaukar kusan maikirosakan 87. Layi mai haruffa 40 ya kai milisakan uku da rabi, kuma a gudun 72 MHz wannan zagayen agogo kusan 250,000 ne firosesa ke tsaye tana jira. In a wurin da ake ƙirga bugun sensa ka saka shi, bugun da ya zo ana cikin rubutu zai wuce ba a ƙirga ba. Kamar mai ban ruwa ne da aka ce shi zai riƙa rubuta kowane guga a littafi.

Cikin Cortex-M3, wato firosesar da ke cikin guntun da ke hannunka, kamfanin ARM ya riga ya saka sashe na musamman don fitar da saƙonnin bincike irin wannan, sunansa ITM. Yana da tashoshi 32. Firosesa na ajiye lamba a rajista ɗaya ta ci gaba da aikinta, shi kuma ITM ya fitar da saƙon ta ƙafa guda, SWO, wato PB3 a wannan guntun. Kusa da shi akwai DWT, mai ƙirga zagayen agogo, wanda kuma zai iya ba da rahoton shiga da fita daga kowane katsewa (lokacin da firosesa ke dakatar da aikinta don ta amsa abu kamar bugun sensa) ba tare da ka ƙara layi ko ɗaya a manhajarka ba. A ganina da DWT ɗin ya kamata ka fara.

Sai dai kada ka mayar da printf ɗin kan ITM ka ɗauka an gama. Tsara rubutun har yanzu aikin firosesa ne, kuma ma'ajiyar ITM ƙarama ce: in ta cika, ITM_SendChar tsayawa yake ya jira. Tura lamba zalla, misali adadin bugu a tasha ta 1, lokaci a tasha ta 2, kwamfuta ta fassara.

Duba ST-Link ɗinka tukuna, wato na'urar da ke haɗa allon da kwamfuta. Yawancin masu arha, masu kama da filasha, ba su fito da ƙafar SWO waje ba, sai an buɗe an liƙa waya da dalma. Tabbatar kuma PB3 ba ka ba ta wani aiki ba, kuma gudun agogon da ka rubuta a STM32CubeIDE, manhajar da ake rubuta shirin da ita, ya yi daidai da na allon, in ba haka ba shirme za ka gani.

Wasu nau'ikan guntun suna da wani sashe, ETM, mai bin kowane umarni, amma yana son ƙafafu da yawa da kayan aiki masu tsada irin J-Trace. Aikin famfo bai kai nan ba.