Kibiyar saman gini da zuwan ruwa

Ɗan'uwa, ka tambaya ko kibiyar ƙarfen nan da ake kafawa a saman gini tana iya nuna maka za a yi ruwa. Da farko ka riƙe wannan: tsininta yana nuna inda iska ta fito ne. Wutsiyar ta fi faɗi, iska na tura ta baya, sai kan ya juyo ya fuskanci iskar.

A wajenmu amfaninta babba ne. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu za ka ga tsinin ya kafe a arewa maso gabas. Hunturu ke nan, busasshiyar iskar Sahara mai kwaso ƙura tun daga kwarin Bodele a Chadi, leɓe ya tsage, ƙafa ta yi kaushi. In ta juya kudu maso yamma ta zauna can, wajen Afrilu ko Mayu, iskar Tekun Atlantika ce ta iso da laima. A jikinka ma za ka ji, gumi ya daina bushewa.

Ga abin da ke rikita mutane: laimar daga kudu maso yamma take, amma hadarin kansa yawanci daga gabas yake taso mana. In da damina kibiya ta juya gabas farat ɗaya, iska mai sanyi ta taso da ƙarfi, maza a kwashe shanya.

Ka kafa ta sama da rufi, nesa da bishiya, ka daidaita alamarta ta arewa da kamfas, wato na'urar nan mai nuna inda arewa take.