Ajiye sifanar nan tukuna

Kai yaro, ka ce tsohuwar Land Cruiser ɗin da aka kawo jiya sitiyarinta na wasa, sai an murza da yawa kafin taya ta amsa, kana tambaya ko ka ɗaure sukurun da ke saman akwatin sitiyari kamar yadda ka gani a waya. Ajiye sifanar nan. Ba don sukurun ka ambata ba da ban tanka maka ba, aiki ya sha mani kai.

Sukurun nan ya ci mani babur sukutum. Lokacin rumfata na wajen Ƙofar Ƙaura a Katsina, wani Alhaji mai fataucin hatsi a kasuwannin Mai'adua da Zango ya kawo tashi Land Cruiser ɗin, samfurin 80, irin wadda Toyota ta yi daga 1990 zuwa 1997. Da la'asar sakaliya ya zo. Na ce a bar ta ta kwana in shiga ƙarƙashi in duba. Ya ce gobe yana da kasuwa, kuma shi ba yau ya fara mota ba, sukuru ne kawai. Yana tsaye a kaina, carbi a hannu, yana duban agogo. Na ji nauyinshi, na sassauta noti, na murza sukurun har wasan ya ragu, alhali raina bai so ba.

Ka san abin da ya sa bai so ba? Haƙoran cikin akwatin a tsakiya suke cinyewa, don mota rayuwarta a miƙe take yi. In ka matse don ka kashe wasan tsakiya, gefe da gefe da ba su ci ba sai su ƙage. A sha kwana sitiyari ya ƙi komowa da kanshi, ƙarfe ya dinga cin ƙarfe. Bai yi sati biyu ba ya dawo da mutane niƙi-niƙi, yana ɗaga murya wai na kashe mashi mota. Na ce Alhaji, ba kai ka matsa ba? Ya rantse bai taɓa faɗa ba. Direbanshi da aka yi komai a gabanshi ya sunkuyar da kai yana wasa da makulli. Dattawan gareji suka ce hannuna ne ya taɓa, ni zan biya. Na sayar da babur ɗina, na tafi Ƙofar Ruwa a Kano na ɗauko akwati ɗan Beljiyam, na ɗaura. Na murza sitiyari, wasa na nan daram! Sai da na kwanta a ƙasa na ga notuna huɗun da ke riƙe hannun sitiyari a jikin ƙafar gaba sun kwance, ƙusa ɗaya ma ta karye. Aikin da kuɗinshi bai kai buhun gero ba. Na nuna mashi da yatsa, ya ce to ai ga shi ka gano. Ko sisin kwabo bai ba ni ba, na yi wata takwas ina zuwa aiki a ƙasa. Har yau muna haɗuwa a masallacin Juma'a, yana miƙo mani hannu.

Ku yaran yanzu ba ku son rigarku ta taɓa ƙasa, kun fi son waya ta faɗa maku abin da za ku canza. Maganar iskar taya da notin wili ba zan ɓata bakina ba, wanda bai san wannan ba ya koma gida.

Bar motar a kan tayoyinta, kada ka ɗaga, nauyin shi ke tona asiri. Wani ya hau ya dinga kaɗa sitiyari hagu da dama kaɗan-kaɗan, kai kuma ka kwanta ka bi da hannu tun daga gaɓar sandar sitiyari, zuwa akwati, zuwa hannun da ya sauko daga akwatin, zuwa kowane kan tayarod, sandar da ke haɗa tayoyin gaba su juya tare. Inda wannan ƙarfe ya motsa na gabanshi bai motsa ba, nan ɓarnar take, za ka ji tana bugun tafinka. Dubi akwatin kanshi ko yana rawa a jikin shasi, don motar da ta sha yashi da gargada shasinta kan tsage daidai wurin. Dubi bushin sandar da ta ratsa ta riƙe aksil. Sannan ka sa jak, ka kama taya sama da ƙasa ka girgiza. In ta yi ƙwas-ƙwas a taka birki: ya ɗauke, boris ɗin wili ne, bai ɗauke ba, boris ɗin da ƙafar ke juyawa a kai ne, na sama da na ƙasa.

Wasan da bai wuce yatsu biyu a bakin sitiyari ba, haka motar take, kada ka nemi ta zama sabuwa. Je ka kira ɗan'uwanka ya hau kujera, kafin azahar ka zo ka faɗa mani abin da hannunka ya ji. Sukurun nan kuwa, in ma ta kama a taɓa shi, ni zan taɓa.