Tambaya da Amsa: Kuɗin gyaran unguwa zai iya ceto gidan yayana?

TAMBAYA: Salam Malam, Allah ya ƙara basira. Ni ina zaune a Kilibilan ne, jihar Ohayo a Amurka. A layinmu akwai gidaje uku da banki ya ƙwace tun da daɗewa an buga musu katako a taga, ciyawa ta cinye su, da daddare har tsoron wucewa nake. Wata maƙwabciyata tace wai gwamnati na bada kuɗin gyara irin unguwannin nan. Dan Allah gaskiya ne? Kuma yayana biyan bashin gidansa ya tsaya wata biyu kenan, zai iya samun wani abu a ciki?
Daga wata 'yar uwa a Kilibilan

AMSA: Wa alaikumussalam 'yar uwa, Allah ya yaye wa yayanki. Maƙwabciyarki bata yi ƙarya ba, sai dai labarin ya ɗan kwana biyu. Shirin da take nufi shine NSP, wato shirin farfaɗo da unguwanni, wanda aka kafa a dokar gidaje da Shugaba Bush ya sa wa hannu a Yulin 2008 lokacin da bankuna ke ƙwace gidaje ba ji ba gani. Zagayen farko dala biliyan 3.92 aka ware, a 2009 zamanin Obama aka ƙara biliyan 2, sai a 2010 aka sake ƙara biliyan 1, kinga wajen biliyan 7 kenan. Ma'aikatar gidaje ta tarayya wato HUD ita ta raba wa jihohi da birane, a zagaye na biyu ma har da ƙungiyoyin sa kai.

To amma abinda nake so ki riƙe, kuma nasan ba zai miki daɗi ba, kuɗin nan ba na hana ƙwace gida bane. Sai bayan an riga an ƙwace ko an gudu an barshi ne suke shigowa, birni ya saya ya gyara ya sayar ko ya bada haya ga masu ƙaramin ƙarfi, wanda ya lalace ba gyara kuma a rushe shi. Dalilinsu shine gida ɗaya in ya zama kango ba shi kaɗai yake mutuwa ba, darajar na kusa dashi faɗuwa take, ɓarayi su zo su cire waya da fayif, harajin da birni ke samu ya ragu alhali shi zai yanke ciyawa ya kashe gobara in ta tashi, shikenan maƙwabta suma su fara tattara nasu ya nasu. Abinda kike gani a layinku kenan.

Dokar ta sa sharaɗi, mai cin gajiya kada samunsa ya wuce kashi 120 cikin ɗari na matsakaicin samun yankin, kuma kashi 25 na kuɗin dole ya tafi wa waɗanda samunsu bai wuce rabin matsakaicin ba. Mai son sayen gidan ma sai ya zauna darasin awa 8 da mai bada shawara kafin a miƙa masa makulli, wannan kam ya burge ni don rashin fahimtar takardar bashi ne ya jefa mutane da yawa cikin wannan hali tun farko. Amma gaskiya har yau yana min ciwo ace an samu kuɗin gyara bango bayan an fitar da iyalin dake ciki da yaransu.

Tun na 2010 ɗin nan ba a sake zuba sabon kuɗi a NSP ba. Abinda ya rage muku shine bankin filaye na gundumar Kuyahoga, wadda Kilibilan ke cikinta, da aka kafa a 2009, aikinsa kenan karɓar kangaye ya rushe ko ya miƙa wa mai gyarawa, wani lokaci ma maƙwabci na iya sayen filin gefensa da araha. Ku haɗu ku da maƙwabta ku rubuta adireshin gidajen ukun, ku ɗau hoto, ku kai wa kansilan unguwarku da su bankin filayen, murya biyar ta fi ɗaya shiga kunne.

Batun yayanki shi yafi gaggawa wallahi. Ki faɗa masa kar ya ɓoye, kar ya daina buɗe wasiƙun banki don kunya. A ƙa'idar tarayya, galibi kamfanin dake karɓar biyan ba zai fara shari'ar ƙwace gida ba sai bashin ya haura kwana 120, shi kuma yana wajen 60 ne, kuma a Ohayo sai an bi ta kotu. Ya kira kamfanin ya nemi a sassauta masa tsarin biya, sannan ya nemi mai bada shawara da HUD ta amince dashi, wannan kyauta ne. Duk wanda yace ya fara biyansa kuɗi kafin ya ceto masa gida, ko yace ya sa hannu ya mallaka masa takardar gidan na ɗan lokaci, ya guje shi. A satin nan ya kira, kar ya jira wata na uku.