Tambaya da Amsa: Haruffa Masu Kauri a Allo da Buhu

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da injin gyaran shinkafa a wajen Auyo. Mai zane ya nuna mini wasu haruffa masu kauri, sun kishingiɗa dama, kowanne da ƙafa mai faɗi da kusurwa. Ina so a rubuta mini suna, lambar waya da farashi duk da su, a allo da kuma buhu. Ya dace?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Sunan injinka kaɗai za a rubuta da su.

Don talla aka ƙirƙiro irin waɗannan haruffa tun farko. Wani maƙerin haruffan ɗab'i, Vincent Figgins, ne ya fara fito da su a Landan wajen 1815, lokacin da masu fosta ke neman rubutun da za a hango daga nesa. Samfurin rubutu mai suna Rockwell da ke cikin kwamfutoci, na 1934, jikansu ne. Kaurin yana ba da nauyi, ƙafafun suna riƙe layi, karkatar kuma tana sa ido ya ga kamar rubutun yana tafiya. Kalma biyu zuwa huɗu suke ɗauka. Lambar waya da farashi a ba su haruffa miƙaƙƙu marasa ƙafa, don in an ƙanƙanta masu kauri, 3 da 8 sukan rikice.

Ƙa'idar masu allo ita ce inci 1 na tsayin harafi ga kowace ƙafa 10 ta nisa. In titi yana ƙafa 60 daga allonka, kada harafi ya gaza inci 6.

A buhu ne aka fi yin asara. Saƙar buhu ba ta da santsi, tawada tana bazuwa, sai ramin cikin haruffan a da e da o ya toshe, ƙafar wannan harafi ta manne da ta maƙwabcinsa. Maganinsa a buɗe tazara tsakanin haruffa fiye da ta allo, a rage tawada, a buga buhu ɗaya ya bushe, ka duba shi kafin a ci gaba. Kada ka yarda a ɗauki miƙaƙƙen rubutu a tanƙwara shi da kwamfuta. O yakan fito a karkace, gefe guda siriri. A nemi wanda aka zana da karkatarsa tun asali.

Sai ƙugiya. Da yawa daga cikin waɗannan haruffa ba su da ƙ da ɗ da ɓ, sai kwamfuta ta cusa wani siririn harafi a gurbin, ko ta bar akwati. Ka sa a rubuta maka "ƙwarya", "ɗanye" da "ɓawo" ka gani da idonka. In babu, mai zane ya mayar da rubutun zane a manhajar zane ta CorelDRAW ta hanyar danna Ctrl+Q, ya ɗora ƙugiyar da hannu, kaurinta daidai da na jikin harafin, tana bin karkatarsa.