Amsa: Inshorar lafiya ga Mama mai hawan jini da ciwon suga

'Yar'uwa, Allah ya ba Mama lafiya. Kin ce kuɗin maganinta sun fara fin ƙarfinki, kina tambaya ko akwai inshorar da ke karɓar tsofaffi.

Akwai. Dokar NHIA (Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa) ta 2022 ta sa tsofaffi cikin masu rauni da gwamnati za ta tallafa wa. Tunda a Kano kuke, ki je ofishin KSCHMA (hukumar kula da lafiya ta taimakekeniya ta Jihar Kano) ko ƙaramin asibitin mazaɓarku, ki nemi a yi mata rajista a shirin BHCPF (asusun gwamnati na kula da lafiya a matakin farko). Ki tafi da lambar NIN ɗinta, kuma ki riƙa bibiya, don guraben ba su da yawa.

Abin da ke damuna shi ne ƙarancin likitocin tsofaffi a ƙasar nan. Cibiyar kula da lafiyar tsofaffi ta farko, wadda ke asibitin koyarwa na UCH a Ibadan, sai 2012 aka buɗe ta. Don haka nauyin yana kanku a gida. Ku sayi na'urar awon hawan jini, ku riƙa rubuta sakamakon a littafi ku kai wa likita. Kada ta daina shan magani wai don ta ji sauƙi, nan shanyewar ɓarin jiki ke shigowa. Ku duba ƙafafunta kullum, domin ɗan rauni a ƙafar mai suga kan kai ga yankewa.